Rashin Daidaiton Motsin Ƙafafu Wajen Farfaɗo da Ɗan Wasa Bayan Tiyatar Jijiyar Gwiwa: Abin Lura ga Filayen Sabon Gari

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya saba shiga filin ƙwallo na Sabon Gari, watau wanda yanzu ake kira filin Kano Pillars, ya san irin faɗuwar da nake so in yi magana a kanta. Ɗan wasa yana cikin gudu, ya dasa ƙafa zai juya, ba wanda ya taɓa shi, sai a ga ya zube yana riƙe da gwiwa. In an tambaye shi daga baya, sau da yawa yakan ce ya ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar, kafin dare kuwa ta kumbura suntum. Galibi wannan ita ce alamar tsinkewar wata jijiya da ke can tsakiyar gaɓar, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na irin wannan rauni haka yake faruwa, ba tare da karo da kowa ba.

Ƙwallo a Kano ta daɗe da wuce abin shaƙatawa. Raccah Rovers ta ci kofin gasar ƙasa a 1978. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A bayan waɗannan manyan sunaye akwai ɗimbin samari a Fagge da Sabon Gari waɗanda ƙafarsu ita ce jarinsu. Saboda haka tambayar ranar da mai rauni zai koma fili tambaya ce ta abinci, ba ta likitanci kaɗai ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa bayan an yi tiyata, ƙafafun nan biyu sukan daɗe ba su raba aiki daidai ba, ko da ɗingishi ya ɓace wa ido. Cewa awon da aka fi dogara da shi wajen gano wannan yakan ruɗi mai aunawa. Kuma akwai gyaran da ƙungiyoyinmu za su iya yi da kayan da ba su fi ƙarfin kowa ba.

2.0 Jijiyar da Aikin da Ake Yi Mata

Kafin mu yi nisa, ya kamata a share wata matsala ta harshe. Hausa tana kiran hanyar jini jijiya, tana kiran wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, haka kuma igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta ƙarshen nan muke nufi. A tsakiyar gwiwa akwai irin waɗannan igiyoyi guda biyu da suka gitta juna, ɗaya gaba ɗaya baya. Ta gaban, wadda zan riƙa kira jijiyar gicciye ta gaba, tsawonta ya ɗara santimita 3 kaɗan, faɗinta kimanin santimita 1. Aikinta shi ne ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya, ta kuma tsare gwiwa daga murɗewa. Har wa yau a cikinta akwai 'yan ƙananan sassa masu ji, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gwiwa take da yadda take motsi. A riƙe wannan batu, za mu dawo gare shi.

In ta tsinke ƙat, da wuya ta haɗe da kanta yadda za ta ɗauki juyin ɗan ƙwallo. Don haka likitoci sukan yanko wata jijiya daga jikin mai raunin su dasa a gurbinta. Hey Groves na Ingila ya bayyana irin wannan aiki tun a 1917, sa'an nan a 1963 Kenneth Jones na Amurka ya kawo dabarar yanko tsakiyar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. A yau ana ɗauko ta daga nan, ko daga bayan cinya, ko daga saman ƙoƙon gwiwa. Ko daga ina aka ɗauko, an rage wa wani wuri ƙarfi ke nan domin a gyara wani. Daɗin daɗawa, dashen ba ya zama jijiya a ranar da aka ɗinke fata. Sai ya fara yin rauni tukuna, sa'an nan jini ya shige shi, ya riƙa sake saƙa a hankali, abin da kan ɗauki fiye da shekara.

A da, a shekarun 1970 da 1980, akan sa ƙafar a filasta har makonni shida ko fiye, a fitar da ita ta shanye kamar sanda. Daga 1990, sa'ad da Shelbourne da Nitz suka nuna amfanin miƙe gwiwa da taka ƙafa da wuri, aka bar wannan hanya. An ci riba ƙwarai, amma an gaji wata mummunar fahimta, watau cewa wata shida ya isa kowa ya koma wasa.

3.0 Inda Rashin Daidaiton Yake Ɓuya

Tushen al'amarin yana ga tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe gwiwa, kuma ita ce birkin jiki duk sa'ad da mutum ya dira ko ya tsaya daga gudu. Bayan rauni da tiyata wannan tsoka takan rame. Amma ramar ba ta rashin aiki ba ce kurum. Gaɓar da ta kumbura takan aika saƙo zuwa laka cewa a sassauta wa tsokar, ta yadda ko mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wani sashe nata ba zai amsa ba. A 1984 Spencer da abokan aikinsa suka ɗura ruwan gishiri a gwiwar mutane masu lafiya, suka ga mililita 20 zuwa 30, watau kamar babban cokali biyu, ya isa ya fara kashe kaifin tsokar da ke gefen ciki na cinya. Ke nan ɗan kumburin da ɗan wasa ke rainawa bayan atisaye yana iya ɓata aikin mako guda.

To, jiki ba ya zama ya jira tsoka ta warke. Sai ya nemi hanyar kewaye. Tun a 1990 Berchuck da Andriacchi suka bayyana wata irin tafiya ta masu tsinkakkiyar jijiya, inda mutum ke taka ƙafa ba ya barin gwiwa ta lanƙwasa yadda ya kamata, don kada ya nemi taimakon tsokar gaban cinya. Wannan ɗabi'a takan bi mutum har bayan tiyata, kuma hawa biyu gare ta.

Hawa na farko kowa yana iya ganinsa. In aka ce ɗan wasa ya tsuguna a kan ƙafa biyu, sai ya karkata ya jibga nauyinsa a kan mai lafiya. In ya yi tsalle, mai lafiyar ce ke riga isa ƙasa. Malamin gashi yakan ga wannan ya tsawata, ɗan wasan kuma ya gyara.

Hawa na biyu shi ne mai wuyar sha'ani. Susan Sigward da abokan aikinta a Kalifoniya sun auna tsugunon waɗanda aka yi wa aiki a wata na 3 da wata na 5, suka buga sakamakon a 2018. Abin da suka gani shi ne, da tafiya ta yi tafiya, karkatar nan ta ragu, nauyi ya fara raba daidai tsakanin ƙafafu, amma gwiwar da aka yi wa aiki ba ta karɓi rabonta ba. Nauyin ya sauka a ƙafar, sai dai kwatangwalo ne ke ɗaukarsa. Mutum ya ɗan ƙara sunkuyawa gaba, ya tura mazaunai baya, shi ke nan gwiwa ta huta ba wanda ya sani. Abin ya yi kama da 'yan dako uku da aka ɗora wa kaya ɗaya, kwatangwalo da gwiwa da idon sawu: na tsakiya ya sunkuyar da kai ya bar wa biyun, kaya kuwa ya isa inda za shi, mai kaya ya biya kowa lada daidai. Ranar da hanya ta yi gargada, ranar ce za a san cewa mutum biyu ne ke ɗauke da shi.

Sai kuma batun sassan nan masu ji da muka ambata. Sun tafi tare da tsohuwar jijiya, dashen kuma bai zo da irinsu ba. Saboda haka ƙwaƙwalwa takan koma dogara da ido wajen sarrafa gwiwa. A ɗakin gashi, inda ba hayaniya, ga madubi a gaba, ɗan wasa yakan dira tsaf. A fili kuwa idonsa yana kan ƙwallo da abokin hamayya, nan ne gwiwa ke faɗawa ciki, wajen 'yar'uwarta, wanda shi ne ainihin yanayin da jijiyar ke tsinkewa. In aka haɗa da tsoro, wanda samarinmu ba su cika yarda su furta ba, sai a sami ƙafar da ke dira a sandare.

Mene ne sakamakon wannan? Mark Paterno da abokansa a Cincinnati ta Amurka sun bi matasan da suka koma wasa har shekara biyu, suka bayar da rahoto a 2014 cewa kashi 29.5 cikin ɗari sun sake tsinka jijiya. Abin mamakin shi ne rabon: kashi 9 ne suka tsinka dashen, kashi 20.5 kuwa ɗaya ƙafar ce, mai lafiyar, ta tsinke. Ba za a ce rashin daidaito kaɗai ne ya jawo haka ba, domin wanda ya tsinka ɗaya wataƙila tun asali ƙirarsa da yanayin dirarsa sun sa shi cikin haɗari. Amma tun a 2010 su Paterno ɗin sun nuna cewa bambancin yadda gwiwoyi biyu ke karɓar nauyi wajen dira yana cikin alamomin da ke nuna wanda zai sake rauni. Ƙafar da aka bar wa aikin biyu wata da watanni, ba abin mamaki ba ne in ta gaza.

4.0 Awo da Ruɗinsa

Tun da ido ba ya isa, sai awo. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne gwajin tsalle da ƙafa ɗaya, wanda Frank Noyes da abokansa suka tsara a 1991. Iri huɗu ne: tsalle ɗaya, tsalle uku a jere, tsalle uku ana ƙetara layi, da kuma cin mita 6 da ƙafa ɗaya ana duba agogo. Wanda ya yi langa yana yaro ba ya bukatar dogon bayani. Ana auna kowace ƙafa, a raba sakamakon mai rauni da na mai lafiya, a mayar da shi kashi cikin ɗari. Haka ake yi wa ƙarfin tsokar cinya. Galibin masana yanzu suna neman kashi 90 ko fiye kafin a sallami ɗan wasa.

Wannan ma'auni yana da amfani, kada a fahimce ni a karkace. A binciken haɗin gwiwa na Delaware da Oslo, wanda Hege Grindem da abokanta suka buga a 2016, an bi mutum 106 har shekara biyu. Cikin waɗanda suka koma wasa mai juyi ba su cika sharuɗɗan ba, kashi 38.2 suka sake raunata gwiwa. Cikin waɗanda suka cika, kashi 5.6. Bugu da ƙari, kowane wata guda da aka jinkirta komawa, har zuwa wata na 9, ya rage haɗarin da kusan rabi. A wannan shekarar dai, asibitin Aspetar na Ƙatar ya bayar da rahoto kan ƙwararrun 'yan wasa 158, inda waɗanda suka koma ba su cika sharuɗɗan sallama ba haɗarin tsinkewar dashensu ya ninka sau huɗu. Lalle sauri ya haifi nawa.

Amma ma'aunin yana da ɓaraka biyu, kuma a nan nake so mahalarta su tsaya da ni.

Ɓaraka ta farko ita ce, ƙafar da ake kira mai lafiya ita ma ta yi zaman jinya. Wata shida ko takwas ba gudu, ba wasa, ƙarfinta ya sauka. A ɗauka, alal misali, an auna wani a wata na 7: mai lafiya ta yi tsallen santimita 160, mai rauni 144. Lissafi ya ba da kashi 90, sai a ce ya ci. Alhali in da an auna shi kafin rauni, da an ga ƙafar tana yin 185. In aka gwada 144 da 185, kashi 78 ke nan. Ba mai raunin ce ta hau ba, mai lafiyar ce ta sauko ta tarye ta. Elizabeth Wellsandt da abokanta sun gwada wannan a 2017 kan 'yan wasa 70. A wata na 6, mutum 40 suka ci kashi 90 da aka gwada su da ɗaya ƙafar a ranar; da aka gwada su da awon da aka yi wa ƙafar tun kafin tiyata, sai 20 kaɗai suka ci. Cikin mutum 11 da suka sake tsinka jijiya, 8 sun ci awon farko, 6 daga cikin takwas ɗin nan kuwa da awo na biyu aka bi da an tsare su.

Ɓaraka ta biyu ta koma ga 'yan dakon nan uku. Nisan tsalle yana faɗa mana abin da ƙafa gaba ɗaya ta yi, ba ya faɗin wanda ya yi aikin. A 2022 Argyro Kotsifaki da abokanta a Aspetar suka nuna cewa 'yan wasan da nisan tsallensu ya kai daidaiton kashi 97, aikin da gwiwar kanta ta yi wajen tashi kashi 69 ne kacal na 'yar'uwarta. Dalili kuwa shi ne, a tsallen gaba rabon gwiwa wajen tunkuɗa jiki ƙarami ne, kwatangwalo da idon sawu ke yin mafi yawa. A tsallen sama ne gaɓoɓin uku ke raba aikin kusan daidai, don haka shi ya fi tona asirin gwiwa.

Ga wani ɗan abin lura a gefe. Ba kowane bambanci ne ciwo ba. Ɗan ƙwallo yana da ƙafar bugu da ƙafar tsayuwa. Ɗan damben da ke wasa a dandalin Ado Bayero, nan cikin Sabon Gari, shekara da shekaru ƙafa ɗaya ce a gaba ɗaya a baya, kowace da irin ƙarfinta. Wanda bai san yadda mutum yake tun asali ba, ba zai san ko kashi 90 ɗinsa warkewa ce ko saura ba.

5.0 Halin da Muke Ciki

Kano ba ta rasa masana ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga sashen koyar da aikin gashi a Jami'ar Bayero. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ƙofar asibiti da bakin fili.

Da farko dai, sunan da muka ba sana'ar yana yi mana illa. In an ce gashi, abin da mai jinya ke tsammani shi ne ya kwanta a sa masa zafi, a mulmula, ya tashi. Da ciwo ya lafa sai ya ɗauke ƙafa, ya ce an gama, alhali a lokacin ne aikin gaske ke farawa, watau ɗaga nauyi mai tsanani sau biyu ko uku a mako, wata bayan wata. Haka abin yake ga wanda ya fara zuwa wurin mai ɗori. Kumburin wannan rauni yakan sauka da kansa cikin makonni, mutum ya taka sarai, a ce ɗori ya kama. Jijiyar tana can tsakiyar gaɓa inda hannu ba ya kaiwa. Gwiwa ta ci gaba da zamewa, kowace zamewa kuwa tana cin guringuntsi. Sa'an nan ga matsi: koci yana son ɗan wasansa, gida ana jiran abin cefane, ga labarin wani gwaji da za a yi a waje. Ga kuma filayen unguwa da kan bushe ƙamas da rani, waɗanda ba sa rangwanta wa mai dira a sandare. A nazarin da Clare Ardern da abokanta suka tattara a 2014, kashi 81 ne suka koma wani irin wasa bayan tiyata, amma 55 kaɗai suka koma gasa. Ban ga dalilin da zai sa mu zaci namu sun fi haka sa'a ba.

Na'urar auna ƙarfin tsoka da faifan auna nauyin dira suna da tsada, ba kowace ƙungiya za ta same su ba. Amma sikelin awon mutum guda biyu, ƙafa ɗaya a kan kowane, za su nuna hawa na farko in an tsuguna. Ba za su nuna na biyu ba. Wannan sai wayar hannu, a ɗauki hoton dira daga gaba da kuma daga gefe, a rage saurinsa, a duba abu uku: ko gwiwa ta faɗa ciki, ko ta ƙi lanƙwasawa, ko ƙirji ya yi gaba fiye da yadda yake yi a ɗaya ƙafar. Tashi daga benci da ƙafa ɗaya ana ƙirgawa, da tsallen sama a jikin bango da alli a yatsa, su ma awo ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zagaya cinya da tef a ce ta cika, domin kitse yakan maye gurbin tsoka, kauri ya dawo ƙarfi bai dawo ba. Kuma ya kamata a maimaita gwajin bayan ɗan wasa ya gaji, a kuma jefa masa ƙwallo yana cikin dira, don a ɗauke idonsa daga kan gwiwa. 'Yan mata masu ƙwallon ƙafa da ta kwando sun fi bukatar wannan lura, domin wannan rauni ya fi samunsu fiye da maza.

Shawarar da na fi ba nauyi ita ce wadda ta toshe ɓaraka ta farko, kuma ba a asibiti za a yi ta ba. Kowace ƙungiya da ke atisaye a Sabon Gari da Fagge, babba ko ta unguwa, ta ware yini ɗaya kafin a fara kakar wasa, ta auna dukkan 'yan wasanta suna da lafiya: tsalle ɗaya, tsalle uku, tsallen sama, da tashi daga benci, dama daban hagu daban, kowanne sau uku a rubuta mafi kyau. Tef da alli da littafi mai layi sun isa, ɗaliban gashi na Jami'ar Bayero kuma za su iya koya wa masu horarwa yadda ake yi a zama ɗaya. In rauni ya zo, likita yana da adadin da zai nufa wanda ba ya sauka tare da zaman jinya. Wanda bai sami wannan ba, a auna masa ƙafa mai lafiya tun a makonnin da yake jiran tiyata, kamar yadda su Wellsandt suka yi. Littafin ya zauna a hannun sakataren ƙungiya, a sake awon kowace shekara, ranar da ɗan wasa zai sauya ƙungiya kuma a kwafe masa shafinsa ya tafi da shi.